An Yi Ruwa a Gidimuni

In dai kuna sauri, kada ku yarda ku jera da Tahiru. Ni na ɗanɗana, shi ya sa nake gargaɗi. Daga ƙofar gidanmu a unguwar Zango ta Damagaram zuwa kasuwa, tafiyar da ko tsohuwa mai sanda ba za ta yi haki ba, sai ya mayar da ita aikin yini. Ya tsaya ya tsinci tsakuwa, ya tofa mata yawu, ya goge da bakin riga, ya ɗaga ta sama yana murmushi kamar an nuna masa amarya. Ke kuwa kina tsaye rana na gasa ki. In kin yi magana ya ce, "Balki, kin san shekarun wannan dutsen?" Ni kuma in ce, "Ina zan sani, an gayyace ni sunansa ne?"

Ɗan kawuna ne, ni 'yar gwaggonsa, saboda haka taubasai muke, kuma bakina bai taɓa raga masa ba. A Gidimuni aka haife shi, gidan Kawu Tanimu, manomin gero. Shi ne ɗan fari, don haka mahaifiyarsa, Inna Kaltuma, ba ta kama sunansa, ba ta kuma yarda su haɗa ido. In za ta ba shi tuwo sai ta ajiye kwano a ƙofar ɗaki ta ce wa iska, "Ga abinci nan, in akwai mai ci." In tana nemansa ta ce, "Ku kira mini wancan." Matan zamani sun fara sakin wannan kunyar, amma Inna Kaltuma ta riƙe ta gam, har mu yara muka ɗauka ta mance sunan ne.

Wanda bai san Gidimuni ba, tafki ne kwance tsakanin tuddan rairayi. A bakinsa akwai dabino da rake da rogo, can sama kuma jigawa ce fara fat, inda ake noman gero. Babu kogin da ke shiga tafkin nan, ga shi rani na cinye komai ya bar shi. Tahiru tun yana ɗan lakwal, wato makarantar boko, ya bi bakin ruwan da ƙafa yana neman ƙofar da yake shigowa, bai samu ba. Ya dawo ya tambayi Kawu.

"Daga Allah," in ji Kawu.

"Na sani, Baba. Amma ta wace hanya yake aiko shi?"

Ranƙwashi ya samu a madadin amsa. Tambayar kuwa ba ta fita daga kansa ba, ita ce ma ta ja shi har jami'a.

Da ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, kowa ya kawo shawara: wannan ya ce likita, wancan ya ce aikin duwan, wato kwastan. Shi ya ce labarin ƙasa zai karanta, kuma ba ɓangaren garuruwa da jama'a ba, ɓangaren duwatsu da rairayi da ruwa da iska. Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ƙasar da ka tashi kana takawa, ita za ka je birni a ba ka labarinta?" Duk da haka shi ya rako shi Damagaram da buhun gero, ya danƙa shi hannun mahaifiyata ya ce, "Maryama, ga ɗanki nan. In ya yi ba daidai ba, kin san inda bulala take."

Ɗakin soro aka ba shi. Kafin shekara ta zagayo ɗakin ya koma ma'ajiyar duwatsu, ga kwalabe jere cike da rairayi, wannan ja, wannan fari, wannan kamar toka. Wata rana ya tayar da gida yana neman wani dutse mai kaushi da ya ɓata. Aka duba ko'ina, sai ga shi a makewayi, Innata tana goge faso da shi.

"Gwaggo! Daga tsaunin Kutus fa aka ɗauko wannan!"

"Ai kuwa dutsen kirki ne," in ji Inna. "In za ka koma ka ƙaro mini."

Ni ce ɗalibarsa ta dole. Ina kan keken ɗinki, ba ni da wurin gudu, sai ya jawo kujera ya zauna ya juye mini duk abin da aka koya musu. Daga bakinsa na ji cewa tudun rairayi tafiya yake yi, sannu a hankali, har ya haɗiye gona. Daga bakinsa na ji cewa duwatsun nan na unguwar Birni da muke hawa muna yara, a cikin ƙasa suka dahu kafin su fito fili. Ya kuma koya mini abin da ban mance ba: hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, saboda haka Gidimuni ke fara sha kafin Damagaram. Ina yi masa tsiya ina cewa ya cika ni da surutu, amma ranar da bai zo ba sai in ji ɗinkin ya yi mini tsawo.

A shekararsu ta biyu malaminsu, Mushe Kasim (Mushe muke ce wa malamin boko a nan), ya kwashe ajin a mota zuwa Gidimuni don su ga ƙasa da idonsu. Ban je ba, amma na sha labarin har na haddace. Kawu ya sa babbar riga, ya saro rake ya raba wa ajin kaf. Mushe ya hau da su kan tudu, ya nuna jigawa, ya nuna tafki, ya ce ruwan saman da ke zuba a kan rairayin nan ba ɓacewa yake ba. Rairayi ke shanye shi, ya nutse, ya riƙa tsiyaya ta ƙarƙashi yana gangarawa har ya ɓullo a kwari. Ya ce cikin ruwan da suke kallo, mai yiwuwa akwai wanda ya sauko daga sama tun ba a haife su ba, sai yanzu ya iso.

Ranar Tahiru ya dawo bai iya cin tuwo ba. Ya ce, "Balki, ashe hanyar a ƙarƙashin gonarmu take. A kanta nake noma tun ina yaro." Idonsa har ƙyalli yake. Daga nan ya san abin da yake so a duniya: ya karɓi lisans, wato digirin farko, ya wuce gaba, ya dawo da kayan awo ya bi ruwan nan daga jigawa har tafki, ya san yawansa, ya san ko ƙaruwa yake ko raguwa, don mutanen garinsu su san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu.

A shekara ta uku, ta ƙarshe, abubuwa suka haɗe masa. Da rani ɓarin jikin Kawu ya shanye. Ƙanin Tahiru, Nasiru, ya riga ya tafi arewa haƙar zinariya, ba a jin ɗuriyarsa sai jefi-jefi. Shekarar karatu kuma ta ja, har jarrabawar ƙarshe ta faɗo a bakin damina.

Ɗan birni ba zai gane ba sai an yi masa bayani. Jigawa ba ta riƙe danshi. In an yi ruwan shuka, ko biki ake sai a ɗage, kowa ya saɓa sungumi ya nufi gonarsa, don wanda ya yi jinkiri sai ya tarar rana ta lashe ƙasa. Ranar babu mai taimakon wani, kowa ta kansa yake. Akwai masu yin binne, wato su shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, su bar wa Allah. In ruwan farko ya sauka da ƙarfi sun ci riba. In kuwa yayyafi aka yi, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi, shi ke nan an yi asara. Kawu bai taɓa yin binne ba. Irin geronsa gadon kakanmu ne, kowace kaka da hannunsa yake zaɓen zangarniya ya ɗaure ya rataye a rumbu, kuma kullum maganarsa ɗaya ce: iri ba abin caca ba ne.

Safiyar ranar da za a fara jarrabawa, Tahiru ya yi wanka, ya soke biro a aljihu, sai wayarsa ta yi ƙara. Lambar Mala ce, maƙwabcinsu, amma Inna Kaltuma ce a kai. Suka gaisa, sannan ta ce, "An yi ruwa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce ya zo ba.

Na tare ƙofar soro da hannuwana biyu. Na ce masa mahaukaci, na ce masa wanda ya haƙa rijiya ya tsaya saura taki ɗaya. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Balki, in ban je ba, me za su ci?" Sai na ƙara zaginsa. Ya ɗauke hannuna a hankali ya wuce, ya tari babur ɗin kabu-kabu, ya ce tasha.

Ya ce zai dawo a zagaye na biyu na jarrabawar. Kafin lokacin jikin Kawu ya rikice, gero na fitar da kai Allah ya yi masa rasuwa. Gida ya dawo wuyan Tahiru. Ya ce baɗi. Baɗi ta zo ya ce baɗi. Abokan karatunsa suka karɓi takardunsu, wasu suka zama malaman lise, wato babbar sakandare, wasu suka shiga ofis, shi yana jigawa da hauya. A gari suka laƙaba masa Mushe, rabi girmamawa rabi tsokana, yana kuma amsawa. Aure ma ya ƙi, wai sai ya gama karatu. Na ce to ka shirya auren tsohuwa.

Duwatsunsa suna nan a soronmu, ya hana a zubar. In ya kawo rake kasuwa ya kwana gidanmu, sai ya shiga ya kakkaɓe musu ƙura ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da kowanne mazauninsa. Bai ƙara jawo kujera kusa da kekena ba. Wata la'asar ina kan kabu-kabu zan kai wa wata mata ɗinki, muka bi ta gaban jami'a, sai na hango shi a tsallaken titi, ƙarƙashin dogon yaro, buhun da ya juye yana naɗe a hammatarsa. Ɗalibai na fitowa suna hayaniya, shi yana tsaye yana kallonsu kamar mai azumi a bakin rumfar mai ƙosai. Na sunkuyar da kai don kada ya gan ni. Wallahi ranar zuciyata ta yi ciwo, kuma ban taɓa tsokanarsa da wannan ba.

Allah da ikonsa, wata rana Mushe Kasim ya zo sayen rake, ya ɗaga kai ya ga mai sayarwa. Ya tsufa, yana shirin ajiye aiki, amma bai mance yaron da babansa ya ciyar da aji guda ba. Ya je ya bincika, ya dawo har gidanmu da kansa. Ya ce Tahiru na iya sake rajista ya rubuta abin da ya rage masa, amma bana ce iyaka. In ta wuce, abin da ya ci a baya ya zube, sai dai ya faro daga tushe.

Da aka gama girbi ya dawo soro. Ga gemu, ga hannu duk kanta, yana zama aji ɗaya da ƙannen bayansa, suna ce masa Baba Tahiru. Ko a jikinsa. Kujerar nan ta dawo kusa da kekena, surutu ya dawo, har na fara addu'ar Allah ya kawo ranar da zan huta. Sai aka kafe ranar jarrabawa, ta sake faɗowa a bakin damina, kamar da gangan.

Na ce, "To, ba a fafe gora ranar tafiya. Je ka yi binne ka dawo ka zauna da kwanciyar hankali."

Ya girgiza kai. Ya ce babu wanda ya kai shi sanin yadda ruwan farko ke yaudara, a aji ya karanta, a gona ya gani. Ga shi bara gero bai yi ba, irin da ya rage na shuka ɗaya ne tak. In ya ƙone, irin kakanmu ya bar duniya ke nan.

"Ba zan binne Baba sau biyu ba, Balki."

Na ƙyale shi. Ya je gida ya share gona, ya gyara ƙotar sungumi, ya dawo Damagaram ya duƙufa bita. Addu'arsa ɗaya, ruwa ya jira shi.

Bai jira ba. Safiyar jarrabawa na fito shara bayan sallar asuba, na tarar da shi tsaye a ƙofar gida ya fuskanci gabas. Can ƙasan sama ya yi baƙi ƙirin, walƙiya na wasa a ciki, iska mai sanyi na kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba sai an gaya masa ba, ni ma da ya koya wa na gane: a kan Gidimuni yake zuba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya shiga soro ya fito da jakarsa ta tafiya, ya zare biro daga aljihu ya ajiye a kan taga. Wannan karon ban tare ƙofa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Innata tana bakin murhu tana share ido da gefen zane.

Sai wayata ta yi ƙara. Tawa, ba tasa ba. Lambar Mala.

"Balki, kun tashi lafiya? Yana kusa?"

"Ga shi nan, Inna, har ya rataya jaka."

"Ba shi."

Na ƙara sautin wayar na miƙa masa, don ni ba a yin gulma a bar ni a baya.

"An yi ruwa," in ji ta.

"Na gani, Inna. Ga ni nan tafe."

Muna jin ruwa na dukan kwanon ɗakin Mala. Sannan ta ce, "Tahiru."

Jakar ta zame daga kafaɗarsa. Tunda aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba.

"Tahiru, ka zauna. Iri yana ƙasa. Tun washegarin tafiyarka nake fita da sassafe, ina yi kaɗan-kaɗan. Ruwan nan kuma na kirki ne, Mala ya tona, danshi ya wuce gwiwar hannu."

"Inna, binne? Irin Baba?"

"Babanka in mun haɗu ni zan ba shi amsa. Wancan karon bakina ne ya fiddo ka daga lakwal. Ban ce ka zo ba, amma na san za ka zo. Ka je ka yi abin da ya kai ka."

Ta kashe wayar tun bai samu bakin magana ba. Daga baya Mala ya ba mu labari cewa ana saura 'yan kwanaki wani siririn hadari ya taso, ya gan ta zaune ƙarƙashin gawon gona ta ɗaga hannu. Da ya tambaye ta, ta ce roƙo take Allah ya ba da shi duka ko ya riƙe shi duka, kuma tunda take ba ta taɓa roƙon a riƙe ruwa ba sai ranar.

Ni na ɗauko biron na soke masa a aljihu. Ruwan ya iso Damagaram daidai lokacin da ya hau kabu-kabu, na yafa masa leda a ka na ce, "In ka faɗi kada ka dawo gidan nan." Bai ko yi dariya ba.

Ya ci, kuma da kyau. Takardar tana Gidimuni cikin akwati, shi ma yana can, yana noma, yana jiran Nasiru ya dawo ya karɓi gona don ya wuce karatun gaba. Har yau bai bi ruwan nan da kayan awo ba, in ya zauna bakin tafki da yamma za ka ga abin na cinsa. Yana cewa baɗi, amma yanzu in ya ce baɗi ina yarda.

Ranar da ya rubuta takarda ta ƙarshe bai jira sakamako ba, ya nufi tasha, na bi shi. Da muka sauka bai shiga gida ba, gona ya wuce. Gero ya tsiro kore shar a kan farin rairayi. Shukar namiji a miƙe take, taki mai faɗi, layi kamar an ja zare. Wannan kuwa a karkace take, tana tafiya tana lanƙwasa. Tahiru ya tsaya a bakin gona, ya sa idon nan nasa na karatun ƙasa, ya fara bi a hankali ina biye da shi.

"Nan ta fara, kin ga da ƙarfinta, takin da faɗi. Nan rana ta ɗaga, ya fara gajarta." Muka ƙara gaba. Ya nuna wani fili da babu tsiro, a gefensa gero ya fito cunkus wuri ɗaya. "Nan ta zauna ta huta. Ƙwaryar ta karkace, iri ya zube."

Muka kama hawan tudu, inda rairayi ke zamewa ƙarƙashin ƙafa. A nan tsiron ya matsu, tsakanin wannan da wancan bai fi kamu ɗaya ba, kuma haka ya tafi har ƙoli. Ya durƙusa ya auna da hannunsa, ya sake aunawa.

"Balki, wannan ba taki ba ne. Nan a durƙushe ta yi shi."

Ya zauna a kan rairayi ya rufe fuska da hannuwa, yana kuka. Tafkin yana can ƙasa yana ƙyalli. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa masa ba, na nemi tsiya ko ɗaya na rasa, sai na zauna gefensa muka yi tare.

Rana ta yi sanyi muka shiga gida. Inna Kaltuma tana tsakar gida ta miƙe ƙafafu, gwiwoyinta ɗaure da tsumma. Tahiru ya tsuguna gabanta ya gaishe ta. Ta kawar da kai wajen randa, ta gyara ɗankwali, ta ce, "Balki, ki ce wa wancan akwai fura a ɗaki."